In An Kira Ka Shaida: Daga Kasuwar Illela Zuwa Gaban Alƙali

Duk ranar Lahadi kasuwar Illela kan haɗa mutanen da ba lalle ne su sake haɗuwa ba. Bafillatani ya koro shanu daga wajen Tawa, Buzu ya sauko da raƙuma, falke ya taso daga Ibadan ko Legas yana neman cika tirela, dillali kuma yana tsakiya yana kai gwauro yana kai mari. Dukiya mai yawa na sauya hannu da "na saya" da "na sallama", ba kasafai ake ɗauko biro da takarda ba. Ga Birnin Ƙonni nan ƙetaren iyaka, tafiyar 'yan mintoci a babur, don haka wanda kuka yi ciniki da shi da hantsi yana iya kwana a wata ƙasa mai wata doka. Ranar da ciniki ya rikice, abin da ya rage wa mai gaskiya shi ne mutanen da suka tsaya a wurin: me suka gani, me za su iya tunawa, kuma ko kotu za ta yarda ta ji daga bakinsu.

Malaman fiƙihu sun raba aikin shaida gida biyu. Akwai ɗauka, wato tahammuli, sa'ad da mutum ya ga abu ko ya ji shi ya riƙe. Akwai bayarwa, wato ada'i, ranar da ya tsaya gaban alƙali ya faɗa. Hankalin mutane ya fi tafiya ga ranar bayarwa, don ita ke sa gaba faɗuwa. A ganina ranar ɗauka ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, domin abin da mutum bai duba ba a kara, babu lauyan da zai sa masa shi a ido daga baya.

Ranar ciniki

A ce ana cinikin bajimi aka yafuto ka, "Malam, zo ka shaida." Kada ka tsaya daga nesa kana amsa waya. Matso ka dubi dabbar kamar kai za ka saya. Bokolo ne ko rahaji? Ƙahonsa a tsaye yake ko ya kwanta? Tsagar kunne ta dama ce ko ta hagu? In akwai tambarin wuta, a cinya yake ko a wuya, kuma wane irin zane ne? "Wani jan sa" ba siffa ba ce, jajayen shanu ba su ƙirguwa a kara ranar kasuwa.

Sai kuɗi, kuma a nan garin kan iyaka ke da tarkon da Kano ko Zariya ba su da shi. A bakin dattawanmu jaka ɗaya naira 200 ce, gadon zamanin fam. A Ƙonni jikka ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5, kuma da dala suke lissafi, har in mutumin can ya ce "ɗari" yana iya nufin sefa 500. Saboda haka shaida ya tambaya da ƙarfi kowa ya ji: naira ko sefa? In za a biya da kuɗin da ba da shi aka yi ciniki ba, da canjin wace rana, ta ciniki ko ta biya? Ka ji ko lakadan ne ko bashi. In an ba da kafin alƙalami, nawa ne, kuma a gabanka aka ƙirga ko ce maka aka yi an bayar? In an sa ajali, "sai kasuwa biyu", ka riƙe wace Lahadi ke nan. In mai dabba ya ambaci wani aibi, ya ce tana tari ko tana ɗingishi, mai saye ya ce ya ji ya gani, wannan 'yar maganar ita za a nema wurinka in an dawo da dabbar.

Ka san mutanen kuma. Laƙabin kasuwa ba ya kai masinjan kotu ƙofar gidan kowa. Sunan yanka, sunan uba, gari, da mai masaukin da baƙo ya sauka wurinsa, su ne ke da amfani.

In kai ne mai kafa shaidu, nan ne za ka yi wa kanka gata. A mazhabar Malikiyya ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ɗa ga ubansa, haka miji da mata ga junansu. Ba a karɓar ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai ci riba in an yi nasara, ko zai kauce wa asara. Yaron gidanka da ke ci daga tukunyarka abin suka ne, abokin tarayyarka ma haka a kan dukiyar tarayyar. Ɗan'uwa ga ɗan'uwansa sai in ya yi fice wajen adalci. Dillali fa? Ya fi kowa sanin yadda aka yi, amma ya ci la'ada, kuma shi ya ƙulla cinikin, don haka kada ya zama shi kaɗai ne madogararka. Nemi dattawa biyu mazauna Illela ko Kalmalo ko Araba, waɗanda ba su da ko sisi a cinikin, waɗanda kuma sammaci zai iya samu a gida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana, amma har gobe mutane na jin kunyar cewa a rubuta, wai kada a ce ba su yarda da juna ba. Rabin shafi da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a ɗauki hoton dabbar da waya, bai kai tsawon shan shayi ba.

Sammaci ya zo

Da farko a karanta takardar da kyau, ko a sami wanda zai karanta. Sammacin shaida daban, sammacin wanda ake ƙara daban. Akwai masu jin an ce "kotu" su tsallaka Ƙonni su kwana biyu, alhali ba abin da ake nema wurinsu sai abin da suka gani. Wanda aka miƙa wa sammaci ya ƙi zuwa ba uzuri, kotu na da ikon ba da waranti a kawo shi, ya shigo a kame bayan da can baƙon kotu ne. In rashin lafiya ko tafiya ta hana ka, aika wa rajista tun kafin ranar. Kuɗin mota daga wanda ya kira ka ba laifi ba ne. Lada a kan shaidar kanta kuwa ɓata ta yake yi.

Sannan ka duba wace kotu ce, domin iri biyu ne kuma ƙa'idarsu ba ɗaya ba. Tun shekarar 2000 da jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara, kotunan yanki na da suka koma kotunan shari'ar Musulunci: ƙarama, babba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato. Littattafan Malikiyya ne a gaban alƙalansu, Risala da Muhtasar na Halilu, musamman kuma Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus da ya rasu a 1426. Ɗaya layin shi ne kotun majistare da Babbar Kotun Jiha, sai Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato, inda shari'un fasa-ƙwauri da na miyagun ƙwayoyi ke zuwa, abin da mutanen kan iyaka ba baƙonsa ba ne. Waɗannan da Dokar Shaida ta 2011 suke aiki.

Babban bambancin da ke ba mutane mamaki shi ne wannan. A gaban majistare, mai ƙara na iya shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa ya ba da shaida a kan ƙararsa, kuma sashe na 200 na dokar bai ɗaure kotu da wani adadi ba, shaida ɗaya da aka gaskata na iya isa. A kotun shari'a kuwa maganar mai ƙara da'awa ce kawai, komai daɗin bakinsa, mutum ba ya zama shaidar kansa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Jatau da Mailafiya a 1998.

A zauren alƙali

An kira ƙara. Mai ƙara, wanda littafi ke kira mudda'i, ya faɗi da'awarsa: me yake nema, nawa ne, ta yaya ya zama nasa. Alƙali ya juya ga wanda ake ƙara, mudda'a alaihi, ya nemi amsa. In ya yi iƙirari, wato ya amsa, magana ta kusa ƙarewa. In ya yi inkari, ya musa, sai a ce wa mai ƙara ya kawo bayyina. Ƙa'idar ita ce kawo hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. Amma a lura, ba wanda ya riga zuwa kotu ne kullum mudda'i ba. Wanda ya ce "na karɓi bajimin, amma na biya" ya riga ya amsa bashin, yanzu shi ne mai da'awar biya, shi zai nemo waɗanda suka ga ya biya. Mutane da yawa kan jawo wa kansu wannan nauyi ba su sani ba, don ranar biya ba su kira kowa ba.

Alƙali zai ba da ajali a kawo shaidu, yana iya ƙarawa, amma in ya gaji da jira yana iya yin ta'ajizi, ya rubuta cewa ka gaza. Adadin da ake nema ya danganta da abin da ake shari'a a kai. A harkar dukiya, ciniki da bashi da jingina da haya, maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. A aure da saki da kisa, maza biyu. Abin da mata kaɗai ke gani, kamar haihuwa da kukan jariri sa'ad da ya faɗo, wanda gado ke iya rataya a kansa, mata biyu sun isa. Har yara ana jin shaidarsu a kan raunin da suka yi wa juna wurin wasa, muddin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ya sa musu magana a baki ba.

Zina ce mai huɗu, maza, ganin ido, kuma in ba su cika ba bulala 80 ta ƙazafi na jiran waɗanda suka faɗa. Maƙwabciyarmu Gwadabawa ta ga yadda wannan ke aiki. Ranar 9 ga Oktoba 2001 babbar kotun shari'a ta can ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa, namijin da aka ambata kuwa ya musa, babu shaidu huɗu, aka sallame shi. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilanta akwai cewa abin da ake zargi ya riga dokar fara aiki, kuma ba a fayyace wa matar tuhumar yadda ya kamata ba. Duniya ta yi ta surutu a kan hukuncin farko, amma ƙa'idojin zaman shari'a ne suka kuɓutar da ita.

Mu koma kasuwa, ga wata mas'ala da ba ta ƙarewa a garin da dabbobi ke ƙetare iyaka. Mutum ya ga saniyarsa da aka sace a hannun wani, shi kuma ya ce saye ya yi. Sunan wannan istihƙaƙi. Shaidun mai saniya za su ce sun san ta tasa ce, haifaffiyar garkensa ce ko a gabansu ya saye ta, kuma a iya saninsu ba ta fita daga mulkinsa ba. Kalmar "a iya saninmu" dole ce, don ba wanda ke tare da mutum dare da rana. Shi kuma sai ya cike da rantsuwa cewa bai sayar ba, bai kyautar ba. In ta tabbata, wanda aka karɓe daga hannunsa zai bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Nan ne amfanin sanin sunan uba da mai masauki ke fitowa.

Yadda ake ba da shaidar kuwa, ga misali. Ana shigo da shaidu ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji ta wani.

"Mi kas sani game da maganar ga?"

"Allah shi gafarta malam, na shaida ranar Lahadi ta biyu bayan ƙaramar salla, bayan azahar, ina tsaye wanga yas sai da ma wanga bajimi bokolo, fari, mai tsaga ga kunnen hagu, naira dubu ɗari bakwai. Yab ba shi dubu ɗari huɗu, gabana anka ƙirga. Saura dubu ɗari uku sai kasuwa biyu."

"Ya cika mashi?"

"Wannan ban sani ba, ba ni nan."

Wannan "ban sani ba" ta ƙara wa maganarsa ta farko ƙarfi, don ta nuna ganau ne ba jiyau ba, kuma ya san inda ganinsa ya tsaya. Wani kuwa tun daga bakin ƙofa zai fara, "Wallahi tallahi, a ba ni Alƙur'ani in dafa, kowa ya san mutumin nan macuci ne." Ya yi ɓarna uku a numfashi ɗaya. Ya nuna ƙiyayya, ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba, ya kuma yi rantsuwar da ba a nema ba. A asalin Malikiyya ba a rantsar da shaida, adalcinsa ne jinginarsa, ko da yake malaman baya sun yarda alƙali ya rantsar da wanda yake kokwanto a kansa. Ɗokin rantsuwa da ɗokin ba da shaida tun ba a kira ka ba, a haƙƙin mutane, duk ana lissafa su cikin abin da ke sa a tuhumi shaida.

Da ya gama, alƙali zai tambayi abokin shari'a ko yana da suka. Suka, ko tajrihi, ba zagi ba ce. Ita ce a ce wannan surukinsa ne da ke zaune gidansa, ko muna shari'ar gona da shi tun bara, ko yana da kaso a cikin kuɗin, ko an san shi da caca da ƙarya. Wanda ya yi suka shi zai tabbatar da ita da nasa shaidun, kuma faɗan da aka tayar da gangan bayan mutum ya ba da shaida ba ya zama ƙiyayyar da za ta rushe ta. In alƙali bai san shaidan ba, sai a nemi tazkiyya: mutum biyu da kotu ta yarda da su, waɗanda suka daɗe da shi a zama ko tafiya ko ciniki, su ce adali ne yardajje. A gari irin Illela, inda shaida kan zama baƙo, wanda ya kawo baƙo ya zo da masu yi masa tazkiyya tun ranar farko, kada a ɗage zama saboda wannan kaɗai.

Kafin hukunci akwai i'izari. Alƙali zai tambayi wanda hukunci zai hau kansa, "Kana da sauran magana, ko wata hujja?" Mutanenmu da kara da girmama manya sai su sunkuyar da kai su ce babu, su fito waje su fara cewa ai akwai wane da wane da suka gani. Wannan tambaya ita ce ƙofa ta ƙarshe. In kana da shaida a Gada ko Tangaza da bai samu zuwa ba, faɗi sunansa a nan ka nemi ajali. Kotunan sama sun sha rushe hukunci don ba a yi i'izari ba, amma in an yi ka ce babu, ka rufe wa kanka baki.

In mai ƙara ba shi da kowa, rantsuwa ta koma kan wanda ya musa. Zai yi alwala, a kawo Alƙur'ani, wani lokaci a tafi masallaci. In ya rantse ya kuɓuta. In ya noƙe, wato nukuli, a harkar dukiya sai a juya rantsuwar ga mai ƙara, ya rantse ya karɓa. Mai bin mamaci bashi, ko wanda ba ya nan, ko da shaidunsa sun cika sai ya ƙara da yaminul ƙala'i, ya rantse ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda wanda zai musa ba ya wurin.

Gaban majistare

Nan salon daban ne. Za a ce duk shaidu su fita inda ba za su ji ba. In an kira ka, ka shiga akwati, a tambaye ka ko za ka rantse da Alƙur'ani ko Baibul, ko za ka yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da dafa littafi ba. Musulmi da yawa kan zaɓi alkawarin, doka ta yarda, kuma hukuncin ƙarya a kansu ɗaya ne. Yaron da bai kai shekara 14 ba, sashe na 209 na Dokar Shaida ya ce ba a rantsar da shi, ana dai jin sa in kotu ta ga yana da hankalin gane tambaya da muhimmancin gaskiya. Alƙali a nan "ya mai shari'a" ake ce masa, kuma shi za ka fuskanta in kana amsa, ba lauya ba. Yawanci da hannu yake rubutu, sai ka riƙa bin alƙalaminsa, in ya tsaya ka ci gaba.

Zagaye uku ne. Wanda ya kira ka zai fara, kuma ba a yarda ya sa maka amsa a baki ba. Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya taso da tambayoyin titsiye. Sai na farko ya dawo ya gyara abin da ya rikice, ba ya kawo sabo. Na tsakiyar ne mutane ke tsoro. Lauya zai ce, "Ina gaya maka ba ka wurin." Ba zagi ba ne, aikinsa ke nan, amsa ita ce "ina wurin." Zai tambayi taku nawa ne tsakaninka da su, ƙarfe nawa ne, wace riga mutumin ya sa. In da agogo ba ka duba ba, ka ce bayan la'asar ne, kada ka ƙirƙiro ƙarfe huɗu da kwata don a ce ka sani. Zai haɗa tambaya biyu a ɗaya ya ce ka amsa da i ko a'a. Kana da damar ce wa alƙali rabin farko haka ne, rabi na biyu ba haka ba ne. Zai so ka yi fushi, don mai fushi kan faɗi fiye da abin da ya gani. Kuma in tambaya za ta jefa ka cikin laifi kai kanka, doka ba ta tilasta maka amsa ta ba, ka nemi kariyar kotu.

"An ce" ba ta da kujera a nan. Sashe na 38 na Dokar Shaida ya hana shaidar ji-ta-ji-ta, ban da 'yan wuraren da dokar ta keɓe. "Maƙwabcina ya gaya mini ya ga motar" ba shaidarka ba ce, maƙwabcin za a kira.

Abu biyu ke kayar da masu gaskiya a wannan kotu. Na farko bayanin da aka rubuta a caji ofis, sitatimen. Kai ka yi magana da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, ka dangwala ka tafi. Bayan wata takwas lauya zai ɗaga takardar ya ce a nan ka ce dare ne, yau ka ce magariba. Saboda haka kada ka sa hannu sai an karanta maka an fassara, in akwai kuskure a gyara nan take, wanda ya fassara shi ma ya sa hannu. Na biyu tafinta. Harshen rikodin waɗannan kotuna Turanci ne, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta. Amma tafinta ɗan Adam ne, wani ma bai saba da Sakkwatanci ko Adaranci ba, balle Fulatanci ko Buzanci. Yi gajerun jimloli. Bar karin magana da habaici a gida. In ka ce "ya ci kuɗina", fayyace ko aro ya yi bai biya ba, ko amana ka ba shi, ko fizgewa ya yi, don a doka uku ne mabambanta. Wanda kuma Turancinsa na kasuwa ne kada ya ji kunyar neman tafinta, lauya a gonarsa yake.

Shaidan da ke ƙetare

Sammacin kotun Najeriya ba shi da ƙarfi a Ƙonni. Masinja ba zai tsallaka ya kamo kowa ba, kamar yadda takardar kiran jandarma ba ta aiki a Illela. Akwai hanyoyin hukuma tsakanin ƙasa da ƙasa, amma ba don bashin bajimi ɗaya ake tayar da su ba. Shaidan da ke can sai lallashi da zumunci, wanda aure da kasuwa suka riga suka ƙulla. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a Agustan 2019 sai Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sai Maris 2024. Duk wanda shari'arsa ta rataya a kan mutumin ƙetare a waɗannan watanni ya san tsadar ɗage zama. In shaidanka ya samu shigowa, roƙi kotu ta ji shi a ranar, ko da sauran ba su zo ba.

Fiƙihu ya tanadi mafita ga wanda ya yi nisa ko ya kwanta ciwo ko ya rasu, ita ce naƙali: shaidan asali ya ce wa mutum biyu adalai su shaida a kan shaidarsa, su kuma su kawo ta kotu. Mai shirin tafiya ci-rani Agadas ko Libiya, in yana riƙe da shaidar wani, ya yi wannan kafin ya hau mota. Akwai kuma shaidar sama'i, inda ake karɓar "mun daɗe muna ji daga adalai da waɗanda ba su ba", amma a abubuwan da suka daɗe ne kamar nasaba da mutuwa da waƙafi da tsohuwar mallakar gona. Ba a cinikin makon jiya ba.

Waya ta shigo cikin lamarin yanzu. Alat na tiransifa, rasit na POS, saƙon murya na WhatsApp, duk suna iya zama hujja. A kotunan da ke bin Dokar Shaida sashe na 84 ya sa sharaɗi, a kawo bayani ko takardar tabbaci a kan na'urar da ta fitar da abin da yadda take aiki. A 2012 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson saboda rashin cika wannan sharaɗi. In abin ya faru da manyan lauyoyi, mai sayar da albasa sai ya kiyaye: kada ka goge saƙon, kada ka sayar da wayar, ka je banki ka karɓo bayanin asusu mai hatimi. Alat kuma kuɗi kawai yake nunawa sun tafi, ba ya faɗin na mene ne, har yanzu sai mutum ya tsaya ya ce na bajimi ne.

Zur, da janyewa

Kowa ya san shaidar zur na cikin manyan zunubai, kuma ɓoye shaidar gaskiya ma Alƙur'ani ya hana a ayar da ke bin ta bashi. Ta fuskar doka, kundin Finalkod na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai shaidar ƙarya a gaban kotu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne hukuncin janyewa a fiƙihu. Wanda ya janye kafin hukunci, shaidarsa ta faɗi. Wanda ya janye bayan an yanke an karɓe dukiyar mutum, hukunci na nan daram, shi zai biya wanda ya jawo wa asara. Mai yi wa aboki kara ya ce "ai na gani" alhali bai gani ba, ya san yana iya sayen bajimin da bai taɓa riƙe igiyarsa ba. Kuskure na gaskiya kuwa daban ne. In ka tuna ka faɗi wata ba daidai ba, gaya wa alƙali tun kana tsaye, ko ka dawo ta hannun rajista kafin a yanke.

Kafin ka sauka, nemi a karanta maka abin da aka rubuta daga bakinka, musamman adadin kuɗi, rana, da sunaye. In an ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato ko har Abuja, alƙalan can ba za su ga fuskarka ba, galibi ba za su sake kiranka ba, kwafin shari'a kawai za su karanta. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba kuma ya tambayi rajista wa'adin ɗaukaka ƙara tun ranar, ya biya kuɗin kwafi ya karɓi rasit, don kwanakin ƙididdigaggu ne kuma daga ranar hukunci suke fara tafiya.